Magajiyar Toka ta Kwarin Garzai

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya yi mata nisa, ya halicci ƙafa ya yi mata gajiya, ya halicci zuciya ya saka mata mantuwa don jinƙai. Ku matso, 'yan'uwa, muryata ba ta kai bakin zaure yanzu. Zan ba ku labarin wata ƙasa da ke bayan Tekun Gishiri, inda rana ke fitowa ja ta faɗi kore, da wata mata da na gamu da ita a can. In kuka ga na tsaya ina laluben suna, ku yi haƙuri da ni. Sunaye sun soma zubewa daga kaina, amma abin da ya faru yana nan inda na ajiye shi.

A lokacin ina da sauran ƙarfi. Na ji labarin wani malami a Birnin Garzai wanda ya san maganin kowace cutar ido, har wadda aka haifi mutum da ita. Sunansa ya ɓace mini. Na naɗa rawanina, na ɗauki buta da sanda, na kama hanya. Na ƙetare teku a jirgin da manyan tsuntsaye ke ja. Na ratsa wani kurmi da itatuwansa ke juyawa suna bin matafiyi da kallo. Na iske wani kogi mai hawa tudu da safe ya gangaro da yamma, na zauna a bakinsa ina nazarin halinsa har na gane lokacin da yake tsayawa ya huta, sannan na haye. Ina da abin hawa a farko, jaki ne ko alfadari, na manta. Ina jin alfadari ne, don ya fi ni taurin kai, kuma a bakin kogin nan muka rabu, ya ce shi ba zai haye ba.

Ƙauyen farko da na sauka a ƙasar, wata dattijuwa mai suna Tsahara ta karɓe ni. Ta dama mini fura da zuma, ta zauna tana kallona ina sha. Can gindin wata bishiya na hango wani mutum zaune, fuskarsa duk toka. Na ɗaga murya na gaishe shi. Bai amsa ba.

Tsahara ta buge mini hannu. Ta ce, "Ba a gaida mai toka, malam baƙo. Sha furarka in gaya maka."

Ta ce a ƙasarsu, in an yi wa mutum rasuwa, sai ya ɗebi toka daga murhun gidansa ya shafe fuska. Daga ranar ba mai yi masa magana sai mai toka ɗan'uwansa. Ba a tsayar da shi a ƙofar gari, ba a bincika kayansa, ba a tambayarsa ina za shi. Kuma ba zai wanke fuskar ba, danginsa ma ba za su wanke masa ba. Sai baƙo, wanda ba shi da kowa a ƙasar, ya zo ya wanke masa da hannunsa. Daga nan baƙon ya tafi bai waiwaya ba, kada kuma ya sake taka wurin har abada, domin shi ya ɗauke baƙin cikin ya tafi da shi.

Na ce, "To me ya hana shi ya roƙe ni?"

Ta ce, "Mai toka ba ya roƙo, abin kunya ne. Ba ya kuma ƙi in an zo masa da ruwa. Maƙwabta ne ke raɗa wa baƙo. Wancan Jatau ne, matarsa ta rasu tun kafin shuka. Kana tsammani don kyawunka na sa maka zuma?"

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta rage murya ta ce in na nufi Garzai in yi hankali da 'Yan Toka. Jama'a ce mai yawa, duk masu makoki, suna bin wata mata da ake kira Magajiya. Da yake ba mai tsayar da mai toka, sai su shiga gari ɗaya bayan ɗaya kamar masu wucewa, su taru a kasuwa, kafin a ankara gari ya kama da wuta. Ta ce ita Magajiyar, duk abin da ta taɓa da hannun hagu sai ya zama toka nan take.

Na cika butata na je na durƙusa gaban Jatau. Na zuba ruwa a tafin hannu na soma goge masa goshi. Da fatarsa ta bayyana, sai ya ja dogon numfashi ya ce, "Ruwan nan da sanyi yake." Sannan ya kama kuka. Na ji Tsahara a bayana tana cewa a kawo masa tuwo. Na ɗauki sandata na tafi ban waiwaya ba.

Na yi ta tafiya har na iso wata kasuwa da ake kira Lanƙai, ko kuwa in ce inda kasuwar take a da. Rumfuna sun zama tsibin toka a jere, kowane tsibi a inda rumfarsa take, har ana iya gane layin masu tukwane da layin masu tufafi. Ba ƙauri, ba hayaƙi, sai shiru. Wata mata ƙarama tana durƙushe tana tankaɗe toka da yatsu. Ta sami ɗan warwaro na yarinya, ta dube shi, ta sa a bakin zaninta. Sannan ta ɗebi tokar wurin ta shafa a fuska, domin murhun gidanta ma yana cikin abin da ya ƙone. Na ɗaga buta na nufe ta, amma ta riga ta miƙe. Ta bi sawun mutanen da suka yi wannan aiki, tana sauri, domin a duk faɗin ƙasar su kaɗai suka rage da za su yi mata magana.

Na bi ta daga nesa har wata mashiga tsakanin duwatsu. A nan na ga 'Yan Toka da idona. Sun kama wani fatake mai gishiri, mutumin wata ƙasa. Wani dogo mai faɗin ƙirji, wanda daga baya na ji ana kiransa Dogara, ya saurari maganarsa, ya ce, "Baƙo ne." Suka jefa shi daga kan dutse. Ban ji ƙarar faɗuwarsa ba, ramin ya yi zurfi.

Gabana da bayana duk su ne. Na ɓuya a bayan dutse inda suka yi girki, na ɗebi tokar murhunsu na shafe fuskata, na sunkuyar da kai na shiga cikinsu. Ba wanda ya dube ni sau biyu. Na kama bakina don kada harshena ya tona ni, suka ɗauka baƙin ciki ne ya hana ni magana. Wata tsohuwa har ta riƙa raba gurasarta da ni. In lokacin salla ya yi, sai in saci jiki in sami wani marmaro in yi alwala, in sake shafa toka in dawo.

Mazaunin Magajiya ƙasusuwan haƙarƙarin wata dabba ne da ta mutu tun kafin a yi mutane, an rufe su da fatu, kowane ƙashi ya fi giginya tsawo. A ciki ta tara mu da hantsi. Doguwa ce, sanye da baƙin tufafi har ƙasa. Tokar fuskarta ta daɗe har ta yi baƙi ta tsattsage kamar busasshen tafki, ba abin da ke motsi a ciki sai idanu. Hannunta na hagu yana cikin wani kube na dutse, ta tsagogin kuben ana ganin ja kamar garwashi.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "'Ya'yana, mun gama da ƙananan garuruwa. Tafkin da ke saman Garzai, ginshiƙan itace ne ke riƙe da shi. Gobe da hantsi zan ɗora hannu a kansu. Mutanen da suka hana mu ruwa za su sha har su ƙoshi."

Jama'a suka amsa da wani gurnani, suna buga ƙafa a ƙasa. Ta sauko tana ratsa mu, tana dafa kan wannan da hannun dama, tana kiran sunan mamacin wancan. Da ta zo kaina sai ta tsaya.

Ta ce, "Wa ya mutu maka, tsoho?"

Na ce, "Matata. Da daɗewa." Gaskiya na faɗa.

Ta ce, "Da daɗewa, amma tokarka fara sol kamar ta yau da safe. Ga kunnuwa a wanke, sai ka ce ango." Ta juya. "Dogara, da wa kake tsaron hanya, da awakinka?"

Dogara ya damƙe ni a wuya. Ya ce, "Baƙo ne, Uwa. In kai shi dutse?"

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Bar shi. Ana bukatar wanda zai kai labari wasu ƙasashe, tunda gobe ba za a sami na Garzai da zai bayar ba."

Dogara ya fizge butata ya take ta da ƙafa har ta fashe, ruwan ya bi ƙasa. Ya ce kada wanda ya ba ni ko kurɓi. Na lura Magajiya ta bi ruwan nan da ido har ƙasa ta shanye shi.

Washegari muka hau madatsar ruwan tafkin. Faɗinta ya isa amalanke biyu su wuce, a hagu tafki ne shuɗi har inda ido ya tsaya, a dama kuwa can ƙasa ga Birnin Garzai. Daga sama ana ganin komai: hayaƙin girkin safe, shanya a kan soraye, garken tumaki na fita ƙofa, wasu ƙananan ɗige-ɗige suna guje-guje a wani fili, na san yara ne. Wani wuri a cikin lungunan nan malamin da na zo nema yana zaune.

Ana jiran sauran jama'a su hau, Magajiya ta sa aka zaunar da ni kusa da ita a gefen tafki.

Na ce, "Ranki ya daɗe, akwai yara a can ƙasa."

Ta ce, "Nawa ma yara ne."

Sai ta ba ni labari, tana kallon birnin, kamar mai faɗin farashin hatsi. Ta ce ita 'yar wani ƙauye ce a bayan ganuwa. Wata shekara aka yi annoba, mutanen birni suka kulle ƙofa, suka toshe magudanar da ke kai wa ƙauyuka ruwa don kada cuta ta biyo ta. Mijinta da 'ya'yanta mata suka mutu a bakin ƙofar, suna bugawa. Da ta koma gida ɗiban toka, wutar murhu ba ta gama mutuwa ba, ta cusa hannu haka nan. Tun daga ranar wutar ba ta bar hannun ba.

Ta ce, "Na zauna a bakin babbar hanya. Baƙi suna wucewa, malam. Fatake, mahajjata, masu neman ilimi irinka. Wasu su jefa mini dabino. Wani har ya zauna kusa da ni ya wanke ƙafafunsa, ya zubar da sauran ruwan a ƙasa. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo. Ba su ƙi ni ba. Ba su sani ba ne."

Na ce, "Ba wanda ya raɗa musu?"

Ta ce, "Maƙwabtana duk suna kabari. Na birni kuwa suna ganina daga kan ganuwa, kowa na cewa ai wani zai faɗa."

Ban sani ba ko labari kawai take ba ni, ko kuwa wannan ne iyakar abin da mai toka zai iya faɗa bai keta al'ada ba. Dogara yana tsaye da takobi, idonsa a kan hannuwana. Ruwan tafki yana ƙasa da ni, ya fi tsawon mutum biyu, ba guga ba ƙwarya.

Rana ta soma zafi. Na ce wa Dogara, "Ɗana, tokar nan ta shiga mini ƙarƙashin rawani tana ci na. Zan warware in kaɗe."

Ya ce, "Kaɗe, tsoho. Ka yi kyau ka tafi da labari."

Rawanina dogo ne, irin na mutanen garinmu da ake yi mana dariya a kansa. Na warware shi a hankali ina kaɗawa, na bar gefe ɗaya ya zame ta bayana ya bi bangon madatsa. Na yi ta sosa kai ina ƙorafin tsufa har na ji ya yi nauyi a hannuna. Sannan na jawo shi na naɗe a kai, jiƙaƙƙen gefen a ciki. Ruwa mai sanyi ya soma bin ƙeyata.

Jama'a sun gama hawa. Magajiya ta miƙe, ta zare kuben dutse. Hannun ja ne kamar ƙarfe a maƙera, iska tana rawa a kewayensa. Ta nufi kan babban ginshiƙi, inda ya leƙo ta saman madatsa.

Na tashi na sha gabanta. Na sauke rawani na matse shi a tafin hannuna, ruwa ya taru kaɗan. Na ji Dogara ya zare takobi, na ji kuma tsohuwar nan mai gurasa ta ce, "Ya riga ya zo da ruwa, Dogara." Mutane da yawa suka maimaita. Ba da ƙarfi ba, amma ya tsaya.

Magajiya ta dubi ruwan. Hannunta na hagu yana kusa da ƙirjina har gemuna ya soma ƙauri. Taɓawa ɗaya ta isa. Sai ta mayar da hannun bayanta, ta rufe ido.

Tokar ta yi tauri kamar tukunya. Sai da na jiƙa na jira, na ɓamɓare da farce a hankali, na sake jiƙawa. Da rawanin ya bushe, wani ya karɓa ya tsoma a tafki ya miƙo mini, ban ga ko wane ne ba. Fatar da ke ƙarƙashi ta yi fari, ta yi laushi, wani wuri tana jini. Akwai zanen ƙabilarsu a kumatu, ƙanana, irin wanda uwa ke sa a yi wa jaririya. Ashe ta tsufa ƙwarai a ƙarƙashin tokar.

Da na gama ta buɗe ido. Ta fito da hannun hagu ta duba. Ya mutu, ya zama ƙonannen hannu kawai, baƙi, a ƙanƙance.

Ta ce, "Ka makara, malam."

Na ce, "Na makara, baiwar Allah."

Ta ce, "Ka ɗauke mini nawa baƙin cikin. To na Lanƙai fa, da sauran garuruwan? Dā ba na ganinsu. Yanzu ga su nan duka."

Na juya don in tafi, sai na tarar mutane sun yi layi a kan madatsa, ba mai magana, ba mai roƙo, kowa ya dai tsaya inda ba zan iya wucewa ba sai ta gabansa. Na yi ta wanke fuskoki har rana ta karkata, har fatar yatsuna ta saɓule. Na wanke tsohuwa mai gurasa. Na wanke matar nan ta Lanƙai, ita kuwa da ta buɗe ido ta ga a cikin su wa take tsaye, sai ta zauna a ƙasa ta rufe kai da zani.

Dogara ya ja da baya kafin in iso gare shi da ruwan. Ya ce, "In ka wanke ni me zan zama? Makiyayin awaki wanda ƙanensa ya mutu?" Ya sari ginshiƙin da takobi, takobin ya karye. Ya tara wasu 'yan kaɗan suka koma cikin duwatsu da tokarsu.

Na ɗauki sandata na bi madatsa zuwa ɗaya gefen. Kwarin Garzai ya haramta gare ni, da birninsa da malaminsa. A bayana na ji muryarta tana tambaya wace hanya ce ke sauka zuwa ƙofar birni. Ban waiwaya ba. Na yi ta tafiya ina kasa kunne ko zan ji rugugin ruwa, har na fita daga duwatsun ban ji ba.

Shekaru suka wuce. Wata rana a wata kasuwa, a ƙasa mai nisa, na tsaya gaban wani mai albasa, mutum mai fara'a da babban ciki. Na tambaye shi daga ina ya kawo kaya, ya ce daga Garzai.

Na ce, "Garin yana nan?"

Ya ce, "Ina za shi, baba? Yana nan, har mun ƙara unguwa. Sai dai 'yan fashin duwatsu da ke damunmu jefi-jefi."

Na tambaye shi labarin Magajiya. Ya tafa hannu ya gyara zama. Ya ce ai da ƙafarta ta zo ta buga ƙofa, wannan karon aka buɗe mata. Aka yi mata shari'a, ba ta musa komai ba, har tana tuna wa alƙali garuruwan da ya manta. Aka rataye ta ranar kasuwa.

Ya ce, "Na ɗora 'yata a wuya don ta gani. Ta ce, 'Baba, ina dodon?' Na nuna mata. Ta ce, 'Wannan ai tsohuwa ce.' Ka ji yara."

Na ce, "Akwai wanda ya shafa mata toka?"

Ya dube ni kamar na yi wasa. Ya ce, "Wa take da shi?"

Sannan ya zaɓi albasa mafi girma a tsibin ya danƙa mini, ya ce ruwan tafkinsu ne ke sa ta yi zaƙi haka, ba irinta a duniya. Ya dage sai na ɗanɗana a gabansa. Na ɓare na gatsa. Da zaƙi kuwa, kamar yadda ya faɗa. Ya ga idanuna sun kawo ruwa, ya yi dariya ya ce sabuwa ce, haka take yi wa kowa.